Ranar da Lamba Biyu Ta Yi wa Kawu Gardama

Shekara biyu da komawar sojoji bariki na sayi motata ta farko, kuma har yau in na tuna irin motar da na zaɓa sai na yi wa kaina dariya. Lokacin an ɗan taɓa albashi, ma'aikata duk sun fara leƙen motocin Kwatano. Abokan aikina a sabuwar jami'ar da aka buɗe mana a Wudil kowa na neman wadda za ta kwashe mata da yara da buhun gero. Ni kuwa, tuzuru, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje wanda lasisinsa ko bushewa bai yi ba, sai idona ya faɗa kan wata ja mai ƙofa biyu, gajeriya har cikinta na neman shafar ƙasa, mai giya biyar, irin wadda Turawa ke tsere da ita. Dillalin ya ce in aka taka ta ba ta san tudu ba. Daga nan ban ƙara tambayarsa komai ba.

Wani abokin aikina ne ya tuƙo mini ita daga Kano, domin tuƙina a lokacin bai wuce na filin ƙwallo ba. Duk giyar da na sa sai ta yi ƙara, saboda haka ban ma san yadda lafiyayyar giya take a hannu ba. In na ji ƙurrr sai in ce laifina ne, kuma galibi nawan ne.

Mutum ɗaya nake ɗokin ya ga motar nan, shi ne Kawu, yayan mahaifiyata. Ya fi shekara talatin a bakin sitiyari. Ya fara da manyan motocin gyaɗa, ya koma na gwamnati, a ƙarshe manyan sojoji yake tuƙawa. Da farar hula suka hau, sababbin masu mulki suka zo da direbobinsu, sai aka sallame shi da takardar yabo. Ya dawo gida Lajawa ya sayi wata tsohuwar akori-kura yana kai wa mutane hatsi kasuwa, ko a jikinsa. Cewa yake shi ma ya koma farar hula. Duk ranar Juma'a, ranar kasuwarmu, in ya sauke kaya sai ya zauna a kan benci a bakin tasha, direbobi su kewaye shi suna ɗaukar karatu.

Karatun nasa ba shi da yawa, maimaici ne kawai ya yi masa yawa. Yakan ce giya ba a yi mata dole, lallashinta ake yi da yatsa uku, kuma duk wanda ya ji ƙarar canjin giya a mota to ba shi ne a ciki ba. Ya sha faɗa a gaban kowa cewa ranar da giya ta yi kuka a hannunsa, ranar zai ajiye makulli har abada, don ƙafar hagu ce ke fara mutuwa a jikin direba, kuma giya ce ke fara sanin ta mutu. Sai maganar mai. Wannan kam ko yaran gidanmu sun haddace ta: ƙasarmu zafi gare ta, man giyabos in ba shi da kauri narkewa yake yi ya bar ƙarfe na cin ƙarfe. Yakan tsoma yatsa biyu a mai ya ware su, in bai yi zare ba ya ce a kai wa mai ƙosai.

Tun da Kawu ne zai tuƙa motata ranar Juma'a, na ga ai bai kamata in miƙa masa ita haka nan ba. Ranar Alhamis na lallaɓa da ita gareji, can kusa da gada, wurin wani bakanike mai furfura a gemu wanda a ƙuruciyarsa shi ne yaron motar Kawu, har gobe kuma Maigida yake ce masa. Ya shiga rami ya kwance notin giyabos, sai ga mai yana zuba tsararo kamar ruwan shayi. Na dube shi, ya dube ni, muka girgiza kai tare saboda sakacin Turawa. Aka kawo mai lamba ɗari da arba'in, wanda ake zuba wa tirela, aka ɗura. Ya daɗe yana bin tiyo kafin ya gama shiga, mu kuwa muna tsaye muna jin daɗin kanmu.

Da asubar Juma'ar aka yi ruwa, gari ya yi sanyi. Kawu ya iso ƙofar gidanmu da hantsi, ya zagaya motar sau biyu, ya tambaye ni ina sauran ta, ko a Kwatano aka riƙe rabi. Ya ce in Allah ya kawo aure sai dai amarya ta biyo mu a ƙafa. Amma na ga yadda yake shafa ta. Ya zauna, ya gyara kujera, ya yi bismilla ya tayar, ya karkata kai yana sauraron injin, ya ce wannan kam ba wasan yara ba ce.

Daga gidanmu zuwa tasha bai kai tafiyar minti biyu ba, kuma labari ya riga mu isa. Direbobi sun cika bencin, 'yan kamasho sun bar lodi sun fito. Da Kawu ya sa lamba ɗaya na ga girarsa ta ɗan motsa, don da ƙyar ta shiga. Ya ja ta a hankali har muka zo daidai bencin, sannan ya taka kuloci ya jawo sandar zuwa lamba biyu. Ƙarar da ta fito irin ta injin niƙa ce in dutse ya faɗa ciki. Ya mayar da ita firi, ya yi dabarar nan ta tsofaffin direbobi, a taka kuloci sau biyu a ɗan ba da wuta a tsakani, dabarar da ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ta sake yin kuka, har ya fi na farko.

Ba wanda ya yi dariya a tashar nan, kuma da sun yi da ya fi sauƙi. Kawu ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya zare makullin ya sa mini a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai.

"Ƙafar ta tafi, ɗan nan," ya ce. "Alhamdu lillahi da ta faɗa mini a nan, ba a kan hanya da rayukan mutane ba."

Na yi ta rantse masa cewa ni ma haka take yi mini. Ya dube ni da tausayi ya ce ai ni a hannuna ko keke sai ya yi kuka.

A ranar, wani direba ne ya mayar masa da akori-kurarsa Lajawa. Aka ajiye ta gindin darbejiya aka tokare tayoyin da duwatsu. Juma'a ta zo ba a ga Kawu a benci ba, ta biyu ma haka. Matarsa ta aiko wa Inna, wato mahaifiyata, cewa ya rage cin abinci, yana wuni a zaure yana murza gwiwarsa da man zafi, gwiwar da jiya-jiya yake noma da ita. An roƙe shi ya gwada ko tasa motar ce, ya ce shi ba ya magana biyu, ya faɗa a gaban mutane kuma mutane sun ji. Inna ta kira ni ɗakinta ta wanke ni tas. Ta ce sojoji sun tafi da aikinsa bai karaya ba, sai ni na je na kinkimo jar masifa na karya mata ɗan'uwa, saboda haka ni zan san yadda zan yi in tayar da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san duk faɗan nata gaskiya ne.

Hanya ɗaya na gani: in tabbatar cewa motar ce ba ta da lafiya. Kullum in na tashi daga aiki sai gareji. Bakaniken shi ma abin ya tsaya masa a rai, ya ajiye aikin mutane ya shiga ƙarƙashin tawa. Ya fara kama sandar giya ya girgiza, ya ce dube ta, lilo take kamar muciya a tukunyar da ba tuwo. Ya nuna mini ƙarafunan da ke haɗa ta da giyabos a ƙasa, duk robobin da ke gaɓoɓinsu sun ruɓe. Babu irinsu a Wudil, sai ya kai wa wani mai injin gurza ƙarfe ya fitar masa da sababbi daga wata farar roba mai tauri, ya cika su da giris ya ɗaura. Sandar ta tsaya cak, kowace giya ta san ɗakinta. Amma lamba biyu ba ta fasa kuka ba.

Muka koma kan kuloci. Ya ce iska ta shiga man, shi ya sa ba ya saki gaba ɗaya. Na zauna a ciki ina bugun feda, shi yana cikin rami yana ba ni umarni, taka, riƙe, saki, har ƙafata ta yi tsami. Man da ya fito baƙi ƙirin. Bayan wannan ribas ta daina ƙara, na yi murna har na saya masa tsire. Washegari da safe na gwada lamba biyu, ta gaishe ni da kukanta. Ya canja robar da ke riƙe injin, ita ma ta tsage, nan ma dai haka. A ƙarshe ya share hannu da tsumma ya ce saura a sauke giyabos a farke, shi kuwa bai taɓa buɗe irin wannan ba, yana tsoron ya buɗe ya kasa rufewa. Duk tsawon kwanakin nan ba wanda ya kalli man giyabos a cikinmu, don shi kaɗai ne abin da muka tabbata mun yi daidai.

Wani malamin sashen injiniya, mutumin Adamawa, shi ya warware mana, kuma rage masa hanya kawai na yi. Ya ji ƙarar sau biyu ya tambaye ni ko ta fi yi da safe. Na ce ƙwarai. In an yi doguwar tafiya fa, tana ɗan sassautawa? Na ce haka ne. Ya buɗe akwatin gaba ya zaro ɗan littafin da ya zo da motar, wanda ni fifita nake yi da shi saboda da Jamusanci aka rubuta. Shi ma ba ya jin Jamusanci, amma ya san inda lambobi suke. Ya ɗora yatsa a kan saba'in da biyar, lambar man giyabos ɗinta, ya ce ni lamba nawa na zuba. Da na faɗa masa sai ya cire tabarau.

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce tsofaffin manyan motoci direba ne ke daidaita gudun haƙoran giya da ƙafarsa, mai kauri bai dame su ba, gyara su ma yake yi. Irin tawa kuwa akwai wasu zobba na tagulla a ciki, su ke wannan aikin, kuma sai sun matse man da ke tsakaninsu da ƙarfe sun kama shi kafin giya ta shiga. In man ya yi kauri ba ya matsuwa da wuri, balle da sanyin safiya, sai haƙora su haɗu kowa da gudunsa. Ya ce da hannun mala'ika za a kawo sai ta yi ƙara. Sannan ya tambaye ni wane ne ya ba ni shawarar man tirela, don ya kamata a nesanta shi da motocin mutane. Na ce wani ne dai. Na ɗaure fuska har na sauke shi, duk da alherin da ya yi mini.

Bakanike da farko ƙi ya yi. Ya ce zuba wannan ruwan a giyabos daidai yake da ya zagi Maigida. Sai da na je Kano da kaina na sayo galan biyu na mai lamba saba'in da biyar na dire masa, na kuma yarda cewa in magana ta tashi ni na tilasta shi. Muka zagaya da motar ta yi zafi, ya kwance noti, man tirelan ya dinga saukowa a hankali kamar ba ya so. Ya zuba sabon, muka je mararrabar Gaya muka dawo don ya wanke cikin, ya zubar ya sake zuba wani. Muka bar ta ta kwana. Da sassafe, da sanyinta, na sa lamba ɗaya, na jawo sandar da wannan hannun nawa na ɗan koyo, sai lamba biyu ta shige kamar dama jirana take yi.

Da na kai wa bakaniken labari ya gwada da kansa sau uku, ya kashe mota. Muka dubi juna, ba mai fara'a.

"To yanzu, malam, wa zai gaya wa Maigida?" ya ce.

Abin da ya hana ni barci ke nan mako guda. In na yi shiru, Kawu zai ci gaba da zama a zaure yana jinyar ƙafar da lafiyarta ƙalau. In na yi magana, na ce wa yayan mahaifiyata abin da ya shekara talatin yana koya wa mutane shi ne ya kunyata shi a gaban tasha. A gidanmu ba a ce wa kawu ya yi kuskure, ko mahaifi ya fi sauƙin tunkara. Na auna na auna, na ga kamar kowanne na zaɓa karya shi zan yi. Sai na yanke shawarar matsorata: in sa shi a motar, in ja bakina in yi shiru.

Inna ta aika masa cewa tana son ganinsa ranar Juma'a, ni zan zo in ɗauke shi. Na tarar ya rame, ya shiga gefen mai zaman banza ba musu, ya zura hannuwansa cikin riga, ya juya fuska waje yana kallon gonaki. Na yi tuƙina yadda na saba. Motar ta yi tsalle a ƙofar gida, ta mutu sau ɗaya a gaban garken shanu, na faɗa wani rami da kowa ke kauce masa. Shi dai gonakin yake kallo. Amma kafin mu hau kwalta na lura ya bar kallon dawa da gero, hannuna yake kallo.

Ya ce in rage gudu in koma ɗaya. Na koma. Ya ce in sa biyu. Na sa. Ya ce in sake. Sau huɗu muna haka a kan titi, masu acaɓa na wuce mu suna waiwaye. A na biyar ya ce in tsaya. Ya fita ya zagayo ya tsaya a bakin ƙofata, ya ce ba tuƙi zai yi ba, wani abu yake so ya saurara. Na fito na ba shi kujerar.

Ya yi bismilla, ya ɗora yatsa uku a kan sandar. Ɗaya. Injin ya ɗaga murya, ƙafarsa ta sauka ta tashi, sai kawai na ga muna lamba biyu, ban ji komai ba. Uku, huɗu. A ranar na san irin motar da na saya. Kujera ta manne mini a baya, bishiyoyi suka fara wucewa a guje, ga shi kuma ko girgiza babu. Da muka cim ma wata motar shanu ya sauko daga biyar zuwa huɗu zuwa uku a jere, ya wuce ta, ya sake hawa. Na saci kallon fuskarsa na ga ya zama Kawun da na sani.

Can ya tambaye ni abin da aka yi mata. Na shiga lissafo robobi da giris da man kuloci, ina ja ina ƙarawa don kada in iso inda nake tsoro. Ya bar ni na gama. Ya ce tsayuwar sanda ya ji ta, aikin roba ne, feda ma ya ji ta.

"Amma wannan laushin ba na roba ba ne. Wane mai ne a ciki?"

Na faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa. Ya tambayi wanda ke ciki waccan ranar, na faɗa. Ya ce wa ya sa a zuba, na ce ni ne, Kawu. Ya ce ni kuma wa ya gaya mini. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Ya ci gaba da tuƙi, idonsa a kan hanya, har muka shigo gari. Na ce a raina shi ke nan, na gyara mota na rasa kawu. Sai na ga kafaɗunsa na motsi. Dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti, har ya sa bayan hannu yana share ido. Ya ce wato shi ya koya mini, shi ya koya wa wancan mai gemun, mu biyu muka haɗu muka ɗura maganarsa a cikin mota, ita kuma ta tashi ta kayar da shi.

Maimakon ya yi kwanar gidanmu sai ya miƙe tasha, ya tsaya daidai bencin. Direbobi suka taso. Ya gaisa da su ɗaya bayan ɗaya ta taga, ya tambayi iyali da hanya da kasuwa, bai rage komai ba. Sannan ya ce su matso su ji.

"Ashe ba tsufa ba ne, jahilci ne," ya ce. "Irin waɗannan motocin ba sa shan mai kauri. Duk wanda na sa ya zuba wa ƙaramar motarsa, ya je ya zubar, ya ce ni na ce."

Ban taɓa ganin mutum ya kira kansa jahili da farin ciki irin na ranar ba. Idona ya cika da ƙwalla, kunya kuma ta kama ni. Mako guda na yi ina tsoron in taɓa masa girma, ashe ban ma san inda girman nasa yake ba.

Ya waiwayo ya ce in sauka in je in gaya wa ƙanwarsa yana nan tafe kafin a shiga masallaci, akwai abin da bai gama ji ba a lamba biyar. Na sauka na tsaya cikin direbobi. Ya ja motar, duk muka kasa kunne. Injin ya ɗaga, ya ɗan numfasa, ya sake ɗagawa, shi ke nan abin da aka ji.

Na taka da ƙafa har gida. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, ta ga na shigo ni kaɗai ba makulli a hannuna, ta ajiye rariya ta ce ina yayan nata.

"Yana hanya, Inna," na ce. "Shi ne a sitiyari."